Filas Ɗina Guda Ɗaya da Ɗorawar Gwaggo

A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai ji da kansa. Na gama difloma a fannin kwamfuta na dawo ƙauyenmu da ke ƙasar Bagwai, ba ni da aiki sai taya Baba noma da saita wa mutane waya a bakin kasuwa. Har injiniya ake ce mini, ni kuwa ina amsawa ba ko kunya. Abin alfaharina a duniya wata 'yar kwamfuta ce ta hannu da na saya a Kano, irin mai arahar nan da ake cire wa kibod ta zama allo, a mayar mata ta koma laftof. Kyau kam tana da shi, amma cikinta ƙarami ne, ga nawa kamar jakin da aka yi wa lodin taki. In na kunna ta sai in yi alwala in dawo ba ta gama farkawa ba.

Wata safiya bayan an gama girbi Baba ya ce in ɗauko allon nan nawa in biyo shi gona. Jikinsa ya fara ƙi a lokacin, shi ya sani, mu ne ba mu lura ba. A wajenmu gona jingine take da gona, layin gamba kawai ke raba su, kuma kowa ya san itace yana iya zama na wani ko da ƙasar da ya tsiro a kai ta wani ce. Baba ya bi iyakokin yana nunawa ina ɗaukarsa bidiyo, har muka iso gindin wasu ɗorawa biyu. Ya dafa su ya ce kakanmu ne ya ba wa Gwaggo su, wato ƙanwar Baba, tun tana amarya, don haka duk wanda ya gaji ƙasar bai gaje su ba. Gwaggo mijinta ya rasu ba ta da ɗa, da kalwar itatuwan nan take yin daddawar da take ci da kanta. Da ya gama ya tambaye ni ko abin yana ji da kyau ko kurma ne irin mai shi, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Duk wannan ya shiga bidiyon.

Ba a daɗe ba wani abokin karatuna ya ba ni labarin Linux, manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, kyauta ake ba da ita, kuma a buɗe take kowa na iya leƙa cikinta ya gyara. Ya ce ita ce maganin ƙananan kwamfutoci irin tawa. Ai kuwa ban yi wata-wata ba. Da yake cikin kwamfutar ba zai ɗauki tsohuwar manhaja da sabuwa tare ba, dole a share komai, sai na kwashe hotunana da bidiyon Baba na zuba a filas, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, ina ta yaba wa kaina hankali. Na je gaɓar dam ɗin Watari inda sabis ya fi ƙarfi na sauko da manhajar. To ita kuma ba ta shiga kwamfuta sai an fara ɗora ta a kan filas, ni kuwa filas ɗina guda ɗaya ne tak. Na soka shi, wani gargaɗi ya fito da Turanci, na danna amincewa yadda muke yi kullum ba tare da na karanta ba. A tunanina kamar buhu ne, in da sauran wuri sai a ƙara hatsi a kai. Ashe zazzage buhun ake fara yi. Daga nan na share cikin kwamfutar hankalina kwance, ina cewa ai ina da ajiya.

Gaskiya ba ni da abin da zan ce wa Linux sai alheri. Da farko ta ba ni wahala, in na juya allon tsaye sai rubutu ya koma ƙasa a sama, in na taɓa dama sai ta amsa a hagu, sauti kuma ya ɗauke ɗif. Na dinga tambaya a zaurukan intanet ina gyarawa ɗaya bayan ɗaya, kuma wallahi na ji daɗin wannan wahalar. Kwamfutar ta koma kamar ba ita ba, taɓa ta ke da wuya ta buɗe, cajin da nake yi mata a shagon sola yana kai ni har la'asar. Kyamara ce kaɗai ta ƙi tashi har yau, ban kuwa damu ba, don a ganina abin da zan ɗauka mai muhimmanci na riga na ɗauka.

Da damina ta tsaya Allah ya yi wa Baba rasuwa. Ban nemi bidiyon ba, zuciyata ba za ta iya jin muryarsa ba a lokacin. Da aka zo rabon gado, ɓangaren da ɗorawar take ya faɗa hannun yayana, wanda ya daɗe a Ungogo yana tuƙa adaidaita, ga iyali ga haya. Ya samu mai sayen gonar, mutumin kuma ya ce sai an sare itatuwan don inuwarsu na kashe shuka. Kada ku ɗauka yayana mugu ne. Ya ce shi bai taɓa jin zancen kyautar ba, dattawan da suka sani sun rigaye mu, amma in Baba ya faɗa da bakinsa ko ganye ɗaya ba zai taɓa ba. Ni kuma a gaban mai unguwa da malamin da ke rabon na bugi ƙirji na ce su jira su ji Baba da kunnensu. Na kawo kwamfutar zaure na soka filas, kowa ya miƙo wuya, Gwaggo ta matso bakin ƙofa. Babu komai a ciki sai tarkacen manhajar da na ɗora. Innalillahi! Na buɗe nan na buɗe can, babu bidiyon babu alamarsa.

Na kai wa masu gyara a Kano, suka ce an rubuta wani abu a kan wurin tuntuni, sai haƙuri. Malam ya ce ga shaidata, in Gwaggo ta rantse a haɗa magana ta ƙare. Ta ce ita ba za ta dafa Alƙur'ani a kan ɗan ɗan'uwanta saboda itace ba. Yayana bai ƙaryata ni ba, ya dai dube ni ya ce injiniya ke nan. Na roƙe shi mu yi musayar kaso, mai sayen ya ce wancan yake so don ya fi kusa da hanya. Kafin ɗorawar ta sake yin 'ya'ya an sare su.

Bayan 'yan kwanaki Gwaggo ta shigo da hantsi da ƙullin daddawa a kwano, ta zauna a tabarmata. Ashe ita ba ta fahimci abin da ya faru a zaure ba, ta ɗauka abin ya yi gardama ne kawai a ranar. Ta ce in manta da zancen itace, wannan ya wuce, ita dai in kunna mata ta ji muryar yayanta, ko da tarin nan ne da na ce ya yi. Dole na gaya mata bidiyon ya goge. Da na yi mata bayani ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce Allah ya jiƙansa, ta juye mini daddawar ta ɗauki kwanonta. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Yanzu ni nake sayo mata kalwa a kasuwa, tana karɓa tana sa mini albarka, amma na san ba kalwa ta nema a wajena ba. Na gane ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma abin da ke wuri ɗaya ba a ajiye yake ba. Ku 'yan uwana masu son sauya wa kwamfuta manhaja, ku sauya, abu ne mai kyau. Amma ku sayi filas na biyu, ku tura wa wani ɗan'uwa abin da ba a iya maimaitawa, ku buɗe ajiyar ku gani da idonku kafin ku share komai, gargaɗi kuma in ya fito ku tsaya ku karanta. A kan kwamfutar nan nake rubuto muku wannan, tana aiki lafiya ƙalau, sautinta ma garau yake fita, sai dai ba ni da abin da zan kunna wa Gwaggo.