Lemun da Marigayiya Ta Bari

A layinmu kowa Wanzami yake ce masa, alhali bai taɓa aske kan kowa ba. Dashen itatuwa yake sayarwa a bakin titi, cikin baƙaƙen ledoji. In ka saya, kafin ya miƙa maka sai ya zaro almakashi ya rage ganyen fiye da rabi, ka koma gida riƙe da tsinke mai gashi uku. Masu saye su yi ta mita, shi kuwa bayaninsa bai canzawa: saiwa ke shan ruwa, ruwan ya hau ta jikin itacen, ya fice ta ganye kamar gumi. Itacen da aka taɓa saiwarsa ba ya iya shayar da ganye da yawa. In an bar su, su za su tsotse shi.

Matarsa ta rasu, ta bar masa bishiyar lemun tsami da ta shuka a bayan ɗakinsu. Ba a jima ba aka sayar da gidan da suke haya, 'yarsa ta ce ya dawo wurinta. Ya ce ba inda za shi sai da lemun. Surukinsa ya taya shi haƙa yana gunaguni ƙasa-ƙasa, aka datse saiwoyin da suka ƙi fitowa, aka dasa bishiyar a tsakar gidan 'yar.

Wanzami ya zaro almakashi, sai ya tsaya. Ganyen nan marigayiya ke goge wa ƙura da tsumma, tana musu faɗa kamar jikokinta. Ya mayar da almakashin aljihu.

"Baba, ba za ka rage ba?" in ji 'yar.

"Wannan 'yar gida ce. Za ta jure."

Rana kuwa ba ruwanta da 'yar gida. Ta yi ta zuƙe ruwan ta ganye, guntayen saiwoyin suka kasa mayarwa. Ya dinga kwarara bokiti bayan bokiti har gindin ya zama taɓo, ganyen suka langaɓe, suka naɗe, suka zube. Ranar da ya yarda zai rage, ba sauran abin ragewa.

Surukin ya ɗan jira don kunya, sannan ya ce wurin zai yi daidai da ajiye babur. 'Yar ta buɗe baki za ta yi magana, tsohon ya ɗaga mata hannu. Shi ya tumɓuke busasshen itacen da kansa, ya cike ramin, ya daddale ƙasar da ƙafa don kada tayar babur ta nutse.