Baffa Ba Ya Tafiya Ya Bar Kayan Mutane

Baffana mai gyara ne, shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake. Shekara ashirin yana shiga a sunkuye, har ko a fili ma a sunkuye yake tafiya.

Duk farkon shekara niyyarsa ɗaya ce: bana zai rufe shago ya je ya ga yayarsa, Gwaggonmu, wadda idonta ya fara mutuwa. So yake ta gan shi kafin ta daina gani. Sai dai yana da doka, ba ya tafiya da kayan mutane a hannunsa.

Da sanyi hitar dafa ruwa ake kawo masa, sai ya ce bari zafi ya shigo. Zafi na shigowa fankoki su cika shagon har kan kujerarsa. Da damina kuwa karyayyun laimomi ne, kamar matattun jemagu.

Na ce, "Baffa, ka tafi kawai, fanka ba ta kewar mutum."

Ya ce, "Kai da ko makaranta ka kasa gamawa, me ka sani a gama aiki?"

Bana, lokacin kaka, ya kusa tafiya. Saura fanka ɗaya, mai ita bai zo ba. Baffa ya yi aski, ya goge riga, ya zauna jiransa kwana tara. Ran na goma Gwaggo ta bugo waya.

"Auta, kada ka yi gaggawa," in ji ta. "Yanzu da murya nake gane mutane."

Ya ce, "To, Yaya." Ya ajiye wayar, sannan ya cire gogaggiyar rigar ya rataye.