Sifika Biyu da Kunnen Malam

Rakodarmu ta shigo gida tun kafin in haifi autata. Malam, maigidana, ya sayo ta hannu na biyu a kasuwar Ƙonni, baƙa, mai bakin kaset ɗaya, an ɗaure murfin pil, wato ƙananan batura, da roba. Garinmu yana kan hanyar Malbaza, kuma a lokacin ba mu da lantarki. Da ita muke jin labaru, da wa'azi, da kokowa idan lokacinta ya zo. Jan maɓallin da ake ɗaukar magana da shi ya daɗe da karyewa, ba mu damu ba, don ba mu da wanda za mu aika wa murya.

Malam ya yi shekara goma sha tara tsaye kan injin niƙa na wani mai hali. Yakan dawo fari fat da gari har gashin ido, ya yi wanka, ya zauna kusa da rakoda. Ni kuwa muryata ƙarama ce tun ina yarinya. Ko a ajin yaƙi da jahilci, inda na koyi rubutun da nake yi yanzu, kullum sai malama ta ce in ɗaga murya. Shi ya sa idan na yi wa Malam magana bai amsa ba, nakan ɗora laifin a kaina.

Ɗanmu na fari, wanda ko a takarda hannuna ba ya iya rubuta sunansa, ya ƙi gadar inji. Sunka yi musu da ubansa, ya hau motar albasa zuwa Abijan ba sallama. A shekara ta biyu direban motar ya kawo mana kaset a naɗe cikin leda.

Bayan la'asar munka sa shi. A wurinmu uba ba ya nuna ɗoki kan ɗan fari, uwa ma haka. Malam ya zauna a bakin ƙofa ya juya baya yana tufkar igiya, ni ina tankaɗe a gefe kamar ban san abin da ake ba. Gefen farko gaisuwa ce, ya gaida kowa har akuyar da ya bari. Ƙannensa sunka yi dariya, sunka watse. Da na juya kaset ɗin sai muryarsa ta sauka ƙasa.

"Baba, ni na yi kuskure. Ba ni da komi nan, kwana ma a rumfar wani nake. In ka ce in dawo, ka faɗa a kaset da bakinka in ji. In ban ji ba, na san ba ka yafe ba. Inna, don Allah kar ki sa baki."

Rariya ta tsaya a hannuna. Malam bai daina tufka ba. Da kaset ya ƙare ya ce, "Rakodar ga ta fara shaƙewa."

Na ɗauka amsarsa ke nan. Na ɗauka ya ji, ya ƙi. Wata da watanni ina yi masa tuwo ina jin nauyinsa a ƙirji, ban ce komi ba, tunda yaron ya roƙe ni, kuma mace ba ta tayar wa mijinta zancen ɗan fari.

Akwai mai gyaran rediyo a Ƙonni, taubashin Malam ne, ɗan ƙanwar babansa, abokin wasansa tun suna yara. Malam ya kira shi gida ranar wata Juma'a. Mai gyaran ya kunna rakodar, ya saurara, ya dubi Malam.

"Mi ke gare ta? Lafiya lau take."

"Kamar ana magana cikin tulu."

"Tulun kanka ne, tsoho. Inji ya cinye kunnenka."

"Kai dai ba ka iya aiki ba. Bawa dai bawa ne, ko ya riƙe sukurdireba."

Sunka yi dariya, ni ma na yi daga madafa. Tsakanin taubasai haka ake, ya sha ce masa makaho, ya sha ce masa ɓarawon fura. Wa zai tsinci gaskiya a cikin wannan?

Da Malam ya matsa, sai mai gyaran ya jera masa abin da za a iya yi. Batirin mota a maimakon pil, don pil idan ya yi sanyi murya takan ja. Sabon kai, wato ƙarfen da ke karanta kaset. Sifika biyu na waje. Ampili, akwatin da ke ƙara ƙarfin sauti. Sai jan maɓalli. Abin da muke samu bai isa a yi su gaba ɗaya ba. Idan munka sayar da wake bayan kaka, munka ware na gero da na tufafin yara, abin da ya rage yakan sayi abu ɗaya, da ƙyar biyu.

"A fara da batir da kai," in ji mai gyara. "Su ne tushe. Jan maɓallin ma ba shi da tsada, in haɗa maka?"

"Bar shi ƙarshe. Waƙa zan yi?"

Na so in yi magana a nan. Sai na fasa. A zatona ya san abin da yake faɗa.

Batir ya zo, mai nauyi, ana kai shi caji Ƙonni a motar kasuwa duk sati biyu. Kan ma an canja. Gaskiya muryar rakoda ta washe, ni da ke bayan ɗaki ina jin numfashin mai wa'azi. Malam ya ce da sauƙi amma da saura. Ya ce labaru ne ba ya ji sosai. Sai dai na lura, idan yara sun tafi lakwal, wato makarantar boko, ni kuma na fita ɗiban ruwa, in na dawo nakan tarar da kaset ɗin Abijan a ciki, da ɗumi.

Wata rana na dawo da wuri. Na same shi durƙushe, kunnensa manne da rakoda, idonsa rufe. Yaron yana cewa "kwana ma a rumfar wani nake", Malam kuwa yana murmushi yana gyaɗa kai, irin na wanda ake ba labari mai daɗi. Na sauke tulu da ƙarfi a bayansa. Bai waiwayo ba.

A nan na gane. Bai taɓa ji ba. Sautin ɗansa yake ji, ba maganar ba.

Da yamma na kawo masa tuwo na zauna kusa, abin da ban saba ba. Na ce, "Malam, yaron nan yana son ya dawo." Ya ce miya ta yi daɗi. Na sake faɗa, na ɗan ƙara. Ya dube ni ya ce, "Ke kuma kullum kamar sauro." Tsakaninmu da maƙwabta zana ce kawai. In na ɗaga murya yadda zai ji, duk unguwa za ta san ɗana yana kwana a rumfar wani. Na rubuta a takarda, amma Malam ajami kaɗai yake karantawa, kuma ba zan ba ƙannen yaron su karanta wa ubansu wannan ba. Na ce masa da hannu da baki ya je likita a duba kunne. Wannan ya gane, ya haɗe rai kwana biyu. Na ce a raina bari in jira lokaci mai kyau. Jira ne abin da na fi iyawa, kuma shi ya cuce ni.

Kaka ta sake zagayowa, waken bai yi kyau ba. Malam ya haɗa da ragon da muke kiwo, ya ce wannan karon sifika da ampili tare. Mai gyara ya kawo su a bayan babur, akwatuna biyu na katako da kafinta ya haɗa, an lulluɓe gabansu da baƙin yadi. Yana ɗaura waya yana magana, kuma wannan karon ba dariya a fuskarsa.

"Taubashi, da kuɗin ga ka tahi asibiti. Wallahi ba wasa nike ba."

"Ji shi. Ranar da ka daina wasa, ranar za a binne ka."

Mai gyara ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

Munka gwada da wa'azi, kaji sunka watse, kwanukan jerena sunka yi ta rawa. Malam ya ce, "Yanzu aka yi magana." Da taubashinsa ya tafi, wajen hantsi, mata suna daka a gidaje, sai ya ɗauko kaset ɗin Abijan. Yana ganin kamar a hankali ya kunna. Ina bakin rijiya a bayan gari na ji muryar ɗana ta taso sama da rumbuna. "Baba, ni na yi kuskure." Matan da ke jan guga sunka tsaya. Babu wadda ta dube ni, kuma hakan ya fi kallo zafi. Na bar tuluna a nan na taho, daka ta tsaya gida bayan gida, har "Inna, kar ki sa baki" a hanya ta same ni.

Na shiga na zare wayar batir. Malam ya ɗago, idonsa da ruwa.

"Na ji ya ce Baba. Sauran mi ya ce?"

Shekara ashirin da wani abu muna tare, ranar ce ya fara tambayata zancen yaron. Tunda unguwa ta riga ta ji, ba sauran abin ɓoyewa. Na sa bakina a kunnensa na yi ihun da ban taɓa yi ba, na faɗa masa duka. Ya tambayi yaushe kaset ɗin ya zo, alhali ya sani. Ya ƙirga da yatsu, damina biyu. Ya miƙa hannu ya danna jan maɓalli, maɓallin ya nutse bai kama ba.

Washegari mai gyara ya ara mana tasa rakodar, bai yi ko wasa ɗaya ba. Malam ya kore mu, ya rufe ƙofa. Da yake ba ya jin muryar kansa, da ƙarfi ya yi magana, kowa ya ji. Ya kira sunan yaron sau uku. Ya ce ya dawo, ba inji, ba komi, ya dawo kawai.

Munka ba direban albasa saƙon Malam. Ya yi tafiya biyu da kaset ɗin a aljihun mota. A ta uku ya kawo mana shi yadda munka naɗe. Ya ce mai rumfar ya ce yaron ya jira har ya gaji, kullum motar garinmu ta shigo sai ya je ya tsaya. Daga baya ya bi wasu zuwa wata ƙasa, wani ya ce Gabon, wani ya ce Libiya.

Daga baya an kai Malam asibiti, sunka ce jijiya ce, ba abin da za a yi. Ya bar inji. Sifikokin sun zama na aro, duk mai biki ko suna a unguwa sai ya aiko, ana yaba su ƙwarai. Jan maɓallin an gyara shi a kakar da ta biyo, Malam ya nace, ya ce ko da wani kaset zai zo.

Kaset biyun suna cikin kwallata, a leda ɗaya. Na Abijan ya fara ja saboda yawan juyawa, na daina sa shi don kar ya tsinke. Na Malam kuwa sau ɗaya na taɓa kunnawa bayan rasuwarsa, a hankali, ni kaɗai a ɗaki. Da ya kira sunan yaron karo na biyu na kashe.