Tsaga Biyu a Kunnen Dama

Shekarar da fari ya cinye mana shanu na dawo cikin garin Haɗejiya, na shiga fataucin busasshen kifi. Bafillace da ƙarnin kifi! Dangi sun yi surutu har sun gaji, amma da babu gara ba daɗi. Nakan bi masunta wajen Kirikasamma da Baturiya in saro bandar tarwaɗa, in shirya a kwali, a loda a mota zuwa kudu.

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa yi mini gori ba. Damuwarta daban ce. Kowane gidan makiyaya yana da shaidar da yake yanka wa maraƙi a kunne. Tamu tsaga biyu ce a kunnen dama, da ɗan yanke a bakin na hagu, haka muka gada. Yanzu babu kunnen da za a yanka. "Shanu sukan dawo," in ji ta, "amma in 'ya'yanka suka tashi ba su san shaidarmu ba, ta mutu ke nan." Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Lokacin kuɗi sun fara yawa a ƙasa, kowa ya ga sai ya yi tambari. Da can gawayi muke ja a jikin kwali don kada kaya su cakuɗe a tasha, sai ga yayin fenti ya shigo. Wannan zaki, wancan jirgin sama, wani kuma da bai taɓa ɗaura agogo ba ya zaɓi agogo. Mai fentin bakin tasha wani Babarbare ne, gwani na gaske. Harufansa masu inuwa ne, masu jela, ko ba ka iya boko ba sai ka tsaya kallo.

"Bawana, me za a zana maka?" ya ce da ya gan ni. "Ƙwaryar nono ko sanda?"

"Gai da ubangidanka tukuna," na ce. "Kunnen saniya nake so."

Na kwatanta masa tsagar, ya zana da jan fenti, har da inuwa. 'Yan dako suka taru suna dariya, wai ganye ne fara ta ci. Ni kam ya yi mini kyau. Na ɗauki kwalin zuwa gida ina jin kaina.

Idon Inna ya riga ya yi rauni, da hannu take ganin abubuwa. Ta shafa kwalin sama da ƙasa, sumul, ba ta ji komai ba.

"Ina shaidar?"

"Ga ta nan, Inna, an zana."

Ta ture shi gefe. "Kai ma dai. Shaida ba shafa ta ake yi ba, yanka ta ake yi."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Sai na dubi murfin kwalin, ɓangare biyu ne, dama da hagu. Na zaro wuƙata, na tsaga na dama sau biyu, na yanke bakin na hagu. Ta kai yatsa wurin, ta daɗe tana shafawa.

Babarbaren ya yi rantsuwa na ɓata masa aiki, ya ce Bafillace ko a Makka sai ya nemi kunnen da zai yanka. Duk da haka ya ci gaba da yi mini zanen, ni kuma ina bi da wuƙa. Kafin damina ta zagayo, 'yan dako daga nan har kudu sun san kayan mai kunne. Yarana kuwa a cikin kwalayen nan suka yi rarrafe.

Da kasuwa ta yi albarka na sayi karsana. Ta zo da shaidar wani gida, dole muka jira ta haihu. Ranar da za a yanka wa maraƙin shaida, Inna ce ta riƙe kansa da kanta. Ina gamawa sai 'yata ƙarama ta yi tsalle tana ihu: "Baba ya sa wa maraƙi tambarin kifinmu!"

Na ɗaga murya zan gyara mata zance. Inna ta riƙe hannuna, tana dariya har da hawaye.

"Ƙyale ta," ta ce. "Ai ta gane shaidar."