Aron Faifan Citta

Na fara aiki a wata ƙaramar tashar binciken gona a bayan garin Kafanchan ba da daɗewa ba bayan rikicin da ya girgiza garin, lokacin da mutane suka koma gaisawa amma kowa yana waiwayen bayansa. An ɗauke ni ne don na iya kwamfuta, wato na taɓa zama a gabanta a jami'a ban gudu ba. Guda ɗaya tak tashar take da ita, wani aikin tallafi da ya ƙare ne ya bar mana, aka lulluɓe ta da zanen gado kamar mai jinya. Ba ta da ma'ajiya a cikinta. Duk abin da ka rubuta sai ka zuba shi a faifai, wani baƙin abu mai laushi da ya ɗan fi tafin hannu faɗi. Kana kashe ta, ta manta da kai da aikinka.

Wadda na tarar tana jiran wannan na'ura ita ce Mama. Haka kowa yake kiranta, har Oga, shugaban tashar. 'Yar Kagoma ce, malamar gona, ta kusa haihuwata. Shekara da shekaru tana hawa bayan babur zuwa gonakin citta, tana rubuta ranar da aka shuka, da ko an rufe gonar da ganye, da yawan abin da aka tona, da yawan wanda ya ruɓe a ƙasa. Ta kakkafa ma'aunin ruwan sama a makarantun firamare, da harabar majami'u, da wasu rugagen Fulani. Tambaya ɗaya ce ta hana ta sakat: me ya sa wata shekara citta take ruɓewa ta bar manomi da hannu biyu a ka, wata shekarar kuma lafiya lau?

Takardunta suna cikin kwalaye a sito. Aikina shi ne in mayar da su cikin faifai. Ita ta karanta, ni in buga. Mu yi nisa, a ɗauke wuta, duk abin da ban adana ba ya bi ruwa. Janareta muna da shi, mai ne dai babu. Sai mu zauna a baranda muna kallon ruwa yana zuba, ta ɓare gyaɗa ta miƙo mini, ta ce, "Ɗana, ka yi haƙuri. Wuta zai dawo, Ubangiji yana gani." Ni kuwa ina ƙunƙuni, don a ganina masu wutar ne ya kamata su ji tsoron wannan ganin.

Damina biyu muka yi a haka. Muna gamawa, gara ta gano sito. Da aka buɗe kwalayen sai ƙasa da guntayen takarda. Mama ta tsaya ta dube su, ta ce to, gara ta jira mun gama, ta yi mana kara. Daga ranar, duk wahalarta ta koma kan faifai, babu ita a ko'ina kuma.

Na rubuta wata 'yar manhaja, a lokacin furogiram muke cewa, mai karanta alƙaluman ta fitar da jadawalin ruwa da ruɓewa shekara bayan shekara. Na haɗa da bayani a kan faifan: ga ma'anar kowane layi, ga yadda ake tayar da ita, ga sakamakon da mu muka samu. Wanda ya bi matakan, in ya samu abin da muka samu, to aikinmu ya tsaya da ƙafafunsa. In bai samu ba, ɗayanmu ya yi kuskure, sai a nemo.

Mama ce ta fara rabo. Duk wanda ya zo ya tambaya, malamin kwaleji ne ko ɗalibi mai rubutun kammala karatu, sai ta ce ya kawo faifai fanko a zuba masa. Na nesa kuwa mu ba wani gadin jirgin ƙasa, abokin mahaifina tun suna aikin reluwe tare, ya sa a aljihun rigarsa ya kai. Sharaɗinta ɗaya ne, in ka gwada ka aiko mana da labari.

Yawancinsu ko na gode ba su aiko ba. Wanda ya aiko da abin kirki wani likitan dabbobi ne, Bafulatani, da ke aiki wajen Kajuru. Shi ba citta ce ta dame shi ba, ruwan sama yake so ya gwada da lokacin cutar shanu. Ya rubuto cewa manhajata tana ɗaukar ranar da ba a duba ma'auni ba a matsayin ranar da ba a yi ruwa ba, ya haɗo da layukan gyara. Na yi kwana biyu ina hura hanci, sannan na duba na ga gaskiyarsa, na gyara, na sa sunansa a saman bayanin. Mama ta yi ta yi mini dariya.

Ta ci gaba da fita, ina ci gaba da ƙarawa a faifan ofis. A ɗaya daga cikin daminun ƙarshen aikinta ne citta ta ruɓe fiye da kowane lokaci, a nan ne kuma babur ya kayar da ita a wata gada ta katako, ƙugunta ya gurɗe. Tana ɗingishi ta ƙarasa zagayen, don ta ce wannan ce shekarar da za ta ba da amsa.

Ana cikin haka Oga ya je wani taro a birni ya dawo fuska a murtuke. Wai ya ga wani saurayi ya nuna jadawalinmu a gaban manya. Na tambaya ko yaron ya ɓoye inda ya samo. A'a, ya ambaci Mama, ya ambaci tashar. Ashe sunan Oga ne bai fito ba.

Ya tara mu a ofishinsa ya ce bayanan nan dukiyar gwamnati ce, ba ƙosan sadaka ba. Duk kwafin da aka bayar a karɓo shi. A haɗa da na ofis a kai rajista, wato ɗakin ajiyar fayil, kada wanda ya ƙara taɓawa sai da izini a rubuce.

Mama ta ce, "Oga, abin da mun ba mutane, yaya za mu je mu ce su dawo da shi? Kunya ne fa."

Ya ce ai ba ita za ta je ba, ni zan je.

Ban taɓa gajiya irin ta wannan yawon ba. Mota ta lalace, a tura. Ka isa, a ce malamin ya tafi jana'iza a ƙauye, ka dawo jibi. Ka same shi, ya kawo maka ruwa, ku gaisa da iyali, sannan ka buɗe baki ka ce ka zo karɓar kyautar da ka yi. Wasu suka miƙo suna murmushin da ya fi zagi zafi. Faifai yana da tsada a lokacin, kusan babu wanda ya yi kwafi na biyu, kuma ni an hana ni in ba da shawarar a yi. Na riƙa dawowa da su ɗaya ɗaya a jakata, ina jin haushin Oga, da na hanya, da na kwamfutar kanta.

Likitan Kajuru ne na ƙarshe. Na same shi a gindin wata bishiya yana yi wa maruƙa allura. Ya saurare ni har na gama, ya wanke hannu, ya ce, "Malam, mu a wurinmu in ɗan'uwa ya ba ka aron saniya, ba ya zuwa karɓa sai ta haihu. Ka riƙe 'ya'yan, ka mayar masa da uwar. Tawa ba ta haihu ba tukuna."

Na ce, "Dakta, wannan ba saniya ba ce, umarni ne daga sama."

Ya ce in gaida na saman.

Na dawo ina tafasa. Oga ya rubuta masa takarda mai zafi, bai amsa ba, maganar ta mutu a nan. Sauran kuwa na tattara, har da na ofis mai ɗauke da shekarun ƙarshe, na miƙa wa akawun rajista. Dattijo ne mai tsabta, kullum da biro uku a aljihu, abin alfaharinsa a duniya shi ne tun da ya kama aiki ko tsinke bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce in kwantar da hankalina.

Mama ta yi ritaya a shekarar. Aka yi mata walima da lemo da cincin, aka ba ta agogon bango. Ni kuma kwamfutar ta koma buga takardun neman hutu da jawabin maraba. Na daina rubuta manhaja. In wani ya zo neman bayanan citta, in nuna masa ƙofar Oga, in koma kujerata. Ba na ma jin haushi kuma, na gaji ne kawai.

Wajen tsakiyar shekarun casa'in ruɓewar ta dawo. An sauya Oga, sabon bai ma san da maganar ba. Wata safiya sai ga Mama da sanda, ta rame, ta ce manoman garinsu sun zo har gida suna tambayarta, tunda ita ce ta yi ta auna gonakinsu. Tana so ta ga ruwan waccan mummunar shekara, ta gwada da na bana. Sabon Oga ya sa hannu nan take, muka nufi rajista.

Akawu bai yi minti biyu ba ya fito da fayil ɗin, yana kaɗe masa ƙura da alfahari. Ya buɗe. Ga faya-fayanmu duka, a jere, kowanne da hatimin ofis a fuskarsa. Kowanne kuma an huda shi a gefen hagu na sama, an zura igiyar fayil ta ratsa su gaba ɗaya, an ɗaure tamau, kamar yadda ake yi wa kowace takarda da ta shigo wannan ɗaki.

Na ce, "Baba, huda su ka yi?"

Ya dube ni da mamaki. Ya ce, "Malam, abin da ba a huda ba ai ba ya zama a fayil. Zamewa zai yi ya ɓata. Ƙirga ka gani, ko ɗaya bai ɓata ba."

Gaskiyarsa ce, ko ɗaya bai ɓata ba. Na kwance igiyar na gwada su a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ta yi gurnani, ta yi shiru, ta ce ba ta ga komai ba. Mama tana zaune a bayana, hannuwanta a kan sanda. Ban iya juyowa na dube ta ba. Ban kuma iya yi wa dattijon faɗa ba, aikinsa ya yi yadda aka koya masa, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa abin da ke cikin baƙar rigar faifan nan.

Washegari na hau motar Kajuru. Aka ce an mayar da Likita kusa da Kaduna, in neme shi a Mararrabar Rido ranar kasuwa. Can na same shi a wani shagon maganin dabbobi. Yana ganina ya yi dariya, ya ce ko na saman ne ya sake aiko ni. Na gaya masa abin da ya faru, dariyar ta ɗauke. Ya kai ni gidansa, ya ɗauko faifan daga cikin wani gwangwanin biskit, a naɗe da leda. Ya ce saniyar ta haihu tuni, ya zuba wa mutum uku ko huɗu, shi ma ya riƙe nasa. Ya ce, "Ga uwar, a mayar wa Mama, a ce na gode."

Kwamfuta ta karɓe shi ba gardama. Na tayar da manhajar, firinta ta hau ƙara, jadawalin ya fito daidai da yadda muka san shi, har da gyaran da Likita ya yi wa nasa. Rabon da in ji daɗi a ofishin nan har na manta.

Na kai wa Mama takardar har Kagoma. Ta sa tabarau, ta ɗora yatsa a layin farko, tana bi tana kiran sunayen ƙauyuka kamar mai gaishe su. Ta yi ta sauka har yatsan ya wuce layin ƙarshe, ya ci gaba a kan farar takarda, sannan ya tsaya. An ba Likita nasa ne tun kafin daminun ƙarshe. Shekarar da citta ta fi ruɓewa, shekarar gadar katako, wadda manoma suke jira, ba ta ciki.

Ta ce, "Sauran fa?"

Na ce sauran suna cikin fayil.

Ta cire tabaran. Ta ninke takardar, ta ce, "Ka yi kwafi. Ka ba duk wanda ya tambaya, har wanda bai tambaya ba. Kuma ko wanene ya aike ka, kada ka je karɓa."

Na ce to, Mama.

Ta shafa ƙugunta inda ya gurɗe, tana kallon gonar da ke bayan gidan. Ta ce, "Wancan shekara kuma, ba komai. Ni na san na je."