Kunkurun Ottmar

Shekara talatin muna maƙwabtaka da Ottmar a ƙauyenmu na Thuringia, ban taɓa jin ya yi wa kowa magana mai daɗi ba sai kunkurunsa, Kuno. Tsohon direban jirgin ƙasa ne. Matarsa ce ta zo da kunkurun tun tana amarya, ta rasu ta bar masa.

Kuma ya iya riƙonsa. Idan sanyi ya fara sauƙi, sai ya rataya fitila mai zafi a gefe ɗaya na akwatin Kuno, ɗaya gefen ya bar shi haka.

"In zafi ya ishe shi, ya matsa," in ji shi. "Ai ya fi ki hankali, maƙwabciya."

Da hunturu kuwa, cikin busasshen ganye yake sa Kuno a wani ƙaramin firiji, ya yi barcinsa na wata huɗu, yadda masu kunkuru a nan suke yi. Kullum sai ya buɗe ƙofar firijin don iska ta shiga.

A Janairu santsin ƙanƙara ya kayar da Ottmar, ƙugunsa ya karye. Yana asibiti, ni nake buɗe firijin. Sai ga ɗansa Torben daga birni, wanda ba a ganinsa sai Kirsimeti, ya ce in ba shi makulli.

Na ce, "Torben, buɗewa kawai ake yi. Kar ka fito da shi."

"Haba Inna! Dabba a firiji kamar ragowar miya? Tsufa ne ya taɓa Baba."

Ya fito da Kuno, ya shimfiɗa masa bargon lantarki kaf cikin akwatin, ya kunna, ya kulle gida, ya koma birni da makullin a aljihu. Har yau haushin kaina nake ji da na miƙa masa.

Ranar Lahadi da Torben ya dawo, muka tarar da Kuno a kusurwa ya mutu, ya bushe. Faratansa sun kankare katakon.

Tare muka je asibiti, amma ni aka bar wa faɗar labarin. Ottmar bai yi kuka ba, rufin ɗaki kawai ya zuba wa ido. Torben ya yi gyaran murya.

"Yi haƙuri, Baba. Kuma na samo maka ɗaki a gidan tsofaffi. Ko'ina da ɗumi, ba inda sanyi zai taɓa ka."

Ottmar ya juyo ya dube shi.

"Akwai gefen da zan matsa?"