Na Kulle Wa Mijina Sukari Cikin Azumi

A wancan lokacin ni mace ce mai kaifin baki, 'yar Bungudu da aure ya kai Gusau. Mijina tela ne mai haƙuri, ni kuwa ba na ganin abu in yi shiru. Kusan shekara biyu, in ya jima bai ci abinci ba, sai zufa ta karyo masa, hannunsa ya kama rawa, ya yi ta magana ba kan gado. Da ya sha abu mai zaƙi sai ya dawo garau. Har tsokanarsa nake yi, wai ciwon nasa ya san daɗi. Ga shi yana ta ƙiba, ina zan yarda ba shi da lafiya?

Wata rana cikin azumi, da azahar, na same shi a bayan ɗaki yana shan ragowar kunun sahur, ya cika shi da sukari. Ya roƙe ni in rufa masa asiri, ya ce wallahi ji ya yi ransa zai fita. Na ce masa yaranmu ma sun fi shi juriya, na kira yayansa daga Tsafe ya zo ya yi masa tatas. Kunya ta sa ya rantse ba zai ƙara karya azumi ba, ni kuma na kulle gwangwanin sukari a akwatina.

Bayan kwana uku ya faɗi a kan keken ɗinki, aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti. A babban asibitin da aka tura mu, likita ya ce wani ƙari ne da ba a cika samu ba, a wata 'yar gaɓa bayan tumbi, yana sa sukarin jini ya ƙare. Ya riga ya zama ciwon daji, ya kai hanta. Likitan ya ce da mun zo tun farko, da mai yiwuwa an cire shi, kuma wannan zaƙin ne ke farfaɗo da shi duk tsawon lokacin nan.

Mijina ya rasu bayan babbar salla. Bai taɓa goranta mini ba, sai dai ya yi ta tambayata ko Allah zai yafe masa kunun da ya sha. Wannan tambayar ce ke cin raina har yau.

'Yan uwa, addini ya yi wa mara lafiya sauƙi, ni ce na ƙuntata masa. In naku ya ce ba zai iya ba, ku kai shi asibiti kafin ku kai ƙararsa. Gwangwanin yana nan a akwatina, na kasa buɗe shi.